Zanen Goyo a Cikin Gilashi

Farfesa Urquidi ya raba allo gida huɗu,
kamar mahauci ya sami tunkiya.
Ya ce: nan al'adar manya, masu goge da littattafai,
nan ta gama-gari, wadda rediyo ke amayarwa,
nan ta 'yan tsirarun da suka ware gefe,
nan kuma ta masu ja da kowa.
Ya ja wani layi a ƙasa har alli ya karye:
akwai wadda hannu ke taɓawa,
akwai wadda ke kwance a ƙirji, ba a auna ta da mudu.

Na kwafe tsaf. Ina da kyan rubutu.

Da yamma na shiga akwatin da ke tafiya kan waya,
ya ɗaga ni daga kwarin La Paz,
rufin gidaje na ƙanƙancewa ƙarƙashin takalmina,
dutsen Illimani na kallona da farar hularsa,
har El Alto, inda numfashi ke tsada
dankali kuwa araha.

Ga innata Dionisia a bakin buhunanta,
tana tsince busasshen dankali, baƙi daban, fari daban.
Hular kanta, an ce daga Turai aka kawo irinta,
ta yi wa maza kaɗan, mata suka ɗora,
yau idan ta cire ta sai ta ce tsirara take ji.
A wane gida zan sa ta, Farfesa?

Ga ƙanena Wilmer, wando na neman zamewa,
yana zuba baiti da Aimara a kan kiɗan Amurka,
yana zagin gwamnati, da 'yan sanda, da ni wani lokaci.
Wannan kam na gida na huɗu ne, na ce a raina.
Sai ya buɗe kwalbar lemo,
kafin ya kai baki
ya ɗiga wa ƙasa rabonta, kamar yadda kaka ke yi,
bai ma san na gani ba.

Ranar Talata aka kai mu gidan tarihi.
Mun bi layi, ana magana ƙasa-ƙasa kamar gidan makoki.
A ɗaki na uku, cikin gilashi, ƙarƙashin fitila mai laushi,
ga zanen goyo a shimfiɗe:
jan layi, shuɗi, sai tsuntsayen nan masu kai biyu.
Wata 'yar ajinmu ta dafe ƙirji, ta ce, kai, fasaha!
Mai gadi ya ce kada a matsa.
Ni kuwa na san warinsa ko ta bayan gilashi,
hayaƙi, ulu, da nonon da ya zuba ya bushe.
A irinsa na yi barci shekara biyu.
Da irinsa Inna ta je banki makon jiya,
mai gadin can ya ce ta ajiye ƙunshinta a waje.

Zane ɗaya, masu gadi biyu.

Daren jarrabawa na shimfiɗa takarduna a kan gado,
na ce, Inna, zanenki, al'adar hannu ce ko ta zuci?
Ta dube ni kamar na tambaye ta kuɗin iska.
Ta ce, na ɗaukar kaya ne.
Ta yi shiru, tana murza gefensa inda ya fara zarewa.
Ta ce, uwata ta saƙa shi shekarar da ƙanƙara ta cinye gona,
tsuntsun nan na kusurwa ba ta ƙarasa shi ba,
zare ya ƙare, ko ita ta gaji, ban tambaya ba.
Kashe fitilar in kin gama, wuta ba kyauta ba ce.

Da safe tambaya ta biyu ta ce:
kawo misali ɗaya-ɗaya ga kowane nau'i.
Na rubuta zanen Inna sau huɗu.

Ya ba ni shida cikin goma,
da jan biro a gefe: zo ki same ni a ofis.
Ban je ba tukuna.
Alhamis ce, ranar kasuwa, buhu tara ke jiran a sauke.